Madagaska ko Siri Lanka: Ina Ya Kamata Kuɗin Jirginka Ya Kai Ka?

Tsibiran nan biyu a teku ɗaya suke, wato Tekun Indiya. Dukansu ƙasashen zafi ne da ruwan sama, mutanensu shinkafa ce abincinsu safe da rana da dare, kuma a ƙarƙashin ƙasarsu akwai safaya, dutsen ado mai daraja da 'yan kasuwar duniya ke rububi. Wannan ya sa mai neman inda zai kai iyali hutu, ko ɗan kasuwar da ke son ya haɗa buɗe ido da leƙen kasuwa, yakan ɗauka duk kanwar ja ce. Ba haka abin yake ba. Madagaska ƙofarta a buɗe take, cikinta ne ke da wuya. Siri Lanka kuwa cikinta sauƙi ne da shi, ƙofar ce ke da tsauri, musamman ga mai riƙe da fasfo ɗin Najeriya. Kusan duk wata shawara da za ka yanke a kan tafiyar, daga nan take tasowa.

Girma da hanya

Faɗin Madagaska ya kai murabba'in kilomita 587,000, kusan kashi biyu cikin uku na Najeriya ke nan, kuma ita ce ta huɗu a girma cikin tsibiran duniya. Daga kanta na arewa zuwa ƙarshenta na kudu kimanin kilomita 1,600 ne. Mutanenta miliyan 30 da 'yan kai. Siri Lanka murabba'in kilomita 65,610 ce kacal, ba ta kai jihar Neja ba, amma tana ɗauke da mutane kimanin miliyan 22. Madagaska za ta haɗiye irinta kusan tara.

Girman ba shi ne matsalar ba, hanya ce. Babban titin da baƙi suka fi bi shi ne RN7, wanda ya tashi daga babban birni Antananarivo ya bi ta Antsirabe da Ambositra da Fianarantsoa da Ambalavao, ya ratsa filayen kiwo na Ihosy, ya dire a Toliara a bakin teku. Kimanin kilomita 950 ne, kuma shi ake yi wa kallon titin kirki, duk da ramukan da ke cikinsa. Daga Antananarivo zuwa Morondava, inda shahararrun itatuwan kuka suke, tafiyar yini guda ce cur, har a haɗa da dare. Daga can zuwa dajin duwatsu masu tsini na Tsingy de Bemaraha ba kwalta, sai an ɗora mota a kan kwale-kwalen fito an haye kogin Tsiribihina, a sake haye Manambolo, da damina kuwa hanyar rufewa take yi gaba ɗaya. Motar haya ta talakawa, wadda suke kira taxi-brousse, ba ta tashi sai ta cika, kuma cikar tata ta haɗa da buhunan shinkafa da kwandunan kaji a saman rufi. Jiragen sama na cikin gida akwai su, da tsada, kuma sauya lokacin tashi ba baƙon abu ba ne. Yawancin baƙi mota mai ƙarfi suke ɗauka haya da direbanta, kuma wannan ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar, ba masauki ko abinci ba.

A Siri Lanka ka sauka a filin jirgin Katunayake da safe, kafin azahar kana tsohuwar ganuwar Galle a kudu, saboda babban titin da aka shimfiɗa. Bas na zuwa ko'ina, a-daidaita-sahu a kowace kwana, ga jirgin ƙasa da Turawan Ingila suka bari, wanda layinsa na Kandy zuwa Ella ke ratsa gonakin shayi a kan tsaunuka. Guguwar da ta afka wa ƙasar a ƙarshen Nuwamban 2025 ta yi ɓarna a wannan yanki, har da layin dogon, don haka a tambayi halin da yake ciki kafin a ɗora shiri a kansa. Amma a dunƙule, abin da za ka gani cikin kwana 10 a Siri Lanka sai ka ba Madagaska mako uku kafin ka ga kwatankwacinsa.

Namun daji

A nan ne ƙasashen suka fi rabuwa. A lissafin masana ilimin ƙasa, Madagaska ta ɓalle daga Afirka kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, sannan ta rabu da Indiya kimanin shekara miliyan 88. Tun daga nan halittun cikinta suka kama tasu hanya. Kusan kashi 90 cikin 100 na tsirrai da dabbobinta ba a samun su a ko'ina. Babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa, babu kura, ko biri ma babu. Wanda ya je yana jiran ya ga manyan namun daji sun cika fili zai dawo yana cewa an cuce shi.

Abin da take da shi shi ne lemur, dabba mai hannuwa irin na biri, idanu dara-dara da doguwar fuska. Sun haura iri 100, daga ɗan mitsitsin da zai zauna a tafin hannu har zuwa indri, babbansu, mai launin baƙi da fari, wanda kusan ba shi da wutsiya. Indri ne dalilin da ya sa ake zuwa dajin Andasibe, kimanin kilomita 140 gabas da babban birni. Ana shiga da sassafe, cikin raɓa da hazo, ɗan jagora na gaba yana ɗaga kai sama, kai kuma kana kakkaɓe matsattsaku daga safarka. Can sai iyali guda su ɗauki kuka daga saman bishiya, murya mai tsawo da ke hawa tana sauka kamar jiniya, ana jin ta daga nisan kilomita biyu ko fiye. Kafin su yi shiru wani iyalin ya amsa daga ƙetaren kwari, wani ya karɓa daga gaba. Indri ba ya rayuwa a keji, don haka babu gidan namun dajin da za ka je ka gan shi a Turai ko Amurka. Ko dai ka zo dajinsa, ko ka haƙura da bidiyo.

Ga kuma sifaka, wani irin lemur, wanda idan ya sauko ƙasa yake tsalle a karkace da ƙafa biyu, hannuwa a sama. Ga mai wutsiyar zobe-zobe da ke shanya cikinsa a rana a kan duwatsun Anja kusa da Ambalavao, wurin da mutanen ƙauyen ne da kansu ke kula da shi suna cin moriyar kuɗin shiga. A dajin Kirindy akwai fossa, mafarauci mafi girma a tsibirin, mai kama da doguwar kyanwa, wanda lemur ne abincinsa. Kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya a nan suke, ciki har da wata da aka bayyana a 2021 wadda ke iya zama a kan ɗan yatsa ta bar wuri. Kuka iri takwas aka sani a duniya: ɗaya a Ostireliya, ɗaya ita ce tamu ta nahiyar Afirka, sauran shidan duk na Madagaska ne. Waɗanda ke jere a gefen hanyar Morondava dogaye ne sumul, wasu sun kai mita 25 zuwa 30, rassan sai can ƙoli. Daga Yuli zuwa Satumba manyan kifayen wel na zuwa haihuwa a gaɓar tsibirin Sainte-Marie. Kuma ga abin da zai kwantar wa matsoraci hankali: babu macijin da dafinsa ke kashe mutum a dazukan ƙasar. Kada dai akwai shi a koguna.

Siri Lanka nata salon daban ne, kuma ya fi saurin cika ido. A watannin Agusta da Satumba, idan ruwa ya ja baya a tafkin Minneriya, giwaye na taruwa ɗari-ɗari a kan ɗanyar ciyawar da ta fito. A Udawalawe da wuya ka shiga ka fito ba ka ga giwa ba. Giwar Asiya ce, kunnuwanta ƙanana, kuma kaɗan ne daga cikin mazan ke da haure. Gandun Yala ya yi suna wajen damisa, har ana cewa yana cikin wuraren da suka fi sauƙin ganin ta a duniya, ga ɓauna da ɗawisu da kada. Daga Mirissa ana fita cikin teku tsakanin Nuwamba da Afrilu don ganin shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a doron duniya. Giwa da damisa da wel cikin mako guda, a ƙasar da ba ta kai jihar Neja ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa a tallar. A Yala, da zarar direba ɗaya ya hango damisa sai ya buga wa 'yan uwansa waya, kafin ka ankara motoci sun yi cincirindo, ana ƙura ana hayaniya, damisar ma ta shige kurmi. Giwayen kuma rikici suke da manoma: a 'yan shekarun nan ana kashe ɗaruruwansu duk shekara, su ma suna kashe mutane sama da 100. Macizai masu dafi, irin su kububuwa da gamsheƙa, suna nan a gonaki.

A ganina, ga ɗan Afirka, giwa da damisa ba su ne abin ƙetare teku ba. Suna nan a nahiyarmu, giwa har a Yankari. Abin da ke Madagaska kuwa babu wani wuri na biyu, kuma ƙarewa yake yi. Binciken masana ya nuna ƙasar ta rasa kashi 44 cikin 100 na dazukanta na asali tsakanin 1953 da 2014. A 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce cikin ire-iren lemur 107, guda 103 na fuskantar barazanar ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: manomi na sare daji ya ƙone don ya shuka shinkafar tudu, birane da gawayi suke girki, sannan bayan rikicin siyasar 2009 an yi ta sace katakon alfarma daga dazukan Masoala da Marojejy ana kaiwa Sin. Ba na ganin laifin manomin sosai. Wanda bai ci na yau ba, ba ka yi masa maganar lemur.

Mutane, addini da abinci

Madagaska ƙasar Afirka ce a taswira da kuma Tarayyar Afirka, kilomita 400 ne tsakaninta da Mozambik, amma da ka sauka a Antananarivo za ka ga fuskoki irin na Indonesiya da gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tuddai. Kakannin Malagasi da jiragen ruwa suka taso daga yankin Borneo, harshensu ɗan uwan harsunan kudancin wannan tsibiri ne, daga baya suka cakuɗu da Bantu daga gabashin Afirka da Larabawa 'yan fatauci. Ana lissafa ƙabilu 18, amma harshe ɗaya ne da karuruwa daban-daban. Sawun Larabawa bai ɓace ba. Ƙabilar Antemoro ta kudu maso gabas na da rubutun sorabe, wato ajaminsu, da haruffan Larabci suke rubuta harshensu a kan takardar ɓawon itace. Ranakun mako ma Bahaushe ba ya buƙatar tafinta: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Asabotsy. Wannan na da amfani, domin garuruwa da dama ranar kasuwarsu ce sunansu.

Yawancin mutanen Kiristoci ne, amma girmama kakanni ya ratsa komai. A tsaunukan tsakiya, tsakanin Yuli da Satumba, iyalai na yin famadihana: a buɗe kabarin dangi, a fito da ƙasusuwan magabata, a sake naɗe su da sabon likkafani, a zagaya da su ana kiɗa da rawa, a yanka shanu a ciyar da gari. Musulmi zai ga abin banbaraƙwai, kuma ba dole ne ya halarta ba, amma su a wurinsu sada zumunci ne da waɗanda suka riga su. Sannan akwai fady, wato abubuwan da aka haramta bisa al'ada, waɗanda ke sauyawa daga ƙauye zuwa ƙauye. Wani wuri ba a nuna kabari da yatsa, wani ba a noma a wata rana, wani ba a shiga da naman alade. Fady ne ya kare indri a wurare da dama, domin ana ɗaukar sa tamkar dangi. Doka ta wajabta ɗaukar ɗan jagora a gandayen dajin gwamnati, kuma ko ba doka kana buƙatar wanda zai ce maka kada ka taka nan.

Saniya mai tozo ita ce dukiya, ita ce sadaki, ita ce mutunci, har a kan kaburbura ake jera ƙahonninta a kudu. Kasuwar shanu ta Ambalavao na cikin mafiya girma a ƙasar, makiyaya na kora garke kwana da kwanaki a ƙafa kafin su iso.

Musulmi tsiraru ne, sun fi yawa a arewa da arewa maso yamma, a Mahajanga da Antsiranana da Nosy Be, inda akwai 'yan asalin Komoros da 'yan kasuwa masu tushen Indiya da Pakistan da ake kira Karana. A can masallaci da naman halal ba abin nema ba ne. A tsaunukan tsakiya kuwa sai ka buɗe ido, domin alade ya shiga girki sosai: ravitoto, dakakken ganyen rogo da kowa ke yabo, yawanci da shi ake dafawa. Romazava, romon naman sa da ganye, shi ya fi kusa da kai, idan ka gamsu da yankan. In ba haka ba, kifi da wake da ƙwai. Bayan cin abinci za a kawo maka ruwan ƙanzo da zafinsa, wanda aka tafasa a tukunyar da aka dafa shinkafa. Karɓi ka sha, ya fi ruwan famfo aminci.

Ta wannan fuska Siri Lanka ta yi wa Madagaska fintinkau. Mabiya addinin Buddha su ne kimanin kashi 70 cikin 100, sai Hindu, sai Musulmi kusan kashi 10, sai Kiristoci. Musulmin sun bazu ko'ina, kuma su ne ke riƙe da gidajen abinci da yawa, don haka a kowane gari za ka sami shinkafa da miyar kori, ko kottu, wato gurasar da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da nama da kayan lambu, ba tare da wasiwasi ba. Yajin dai a yi hattara. A unguwar kasuwa ta Pettah a Kolombo akwai jan masallacin nan mai ratsin fari da aka gama a 1909. Larabawa Sarandib suke kiran tsibirin, kuma Ibn Battuta ya hau Dutsen Adamu a 1344, tsauni mai tsayin mita 2,243 da ke da alamar sawu a ƙolinsa. Musulmi da dama tun da can suna danganta sawun ga Annabi Adamu (AS), mabiya Buddha na cewa na Buddha ne, Hindu na cewa na Shiva ne, kuma kowa na hawa ta matakala ɗaya, da dare, daga Disamba zuwa Mayu.

Kada wannan ya sa a ɗauka zaman lafiya lau ne. An yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. An kai wa Musulmi hari a Aluthgama a 2014 da yankin Kandy a 2018. Harin bama-bamai na ranar Ista, 21 ga Afrilun 2019, ya kashe mutum sama da 250, ya kuma jefa Musulmin ƙasar cikin zargi. Lokacin korona gwamnati ta tilasta ƙone gawarwaki har da na Musulmi, sai a 2021 ta janye, a 2024 ta nemi afuwa. Baƙo ba ya ganin waɗannan a titi, amma ya san su. Ya kuma san cewa ba a juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto, ana cire takalmi da hula a wuraren bautarsu, kuma duk ranar da wata ya cika hutu ne.

Batun harshe a bayyane yake. Madagaska Faransa ce ta mulke ta daga 1896 zuwa 26 ga Yunin 1960, don haka Bahaushen Nijar ko Kamaru ko Chadi zai yi ciniki da Faransanci ba matsala, na Kano kuwa sai da tafinta. Siri Lanka ta karɓi 'yanci daga Ingila a 1948, Turanci na aiki kusan ko'ina.

Ga mai leƙen kasuwa

Madagaska ce ke samar da mafi yawan banilar duniya, wato kayan ƙamshin nan da ake sa wa kek da alewa, ana ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 a shekara mai kyau, daga yankin Sava na arewa maso gabas: Sambava, Antalaha, Vohemar, Andapa. Aikinta na ban tausayi ne. Furen yini ɗaya yake buɗewa, da safe, kuma ƙudan da ke yi masa barbara a ƙasarsa ta asali, Meziko, babu shi a nan. Sai manomi ya bi fure ɗaya-ɗaya da ƙaya ko tsinke, ya ɗaga 'yar fatar da ta raba namiji da mace, ya matse da babban yatsa. Wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano dabarar a tsibirin Reunion a 1841, kuma har yau ita ake bi. Daga nan a jira wata tara. Idan an tsinke a tsoma a ruwan zafi, a naɗe a bargo ta yi gumi, a yi ta shanyawa ana kwashewa makonni da yawa. Bayan guguwar Enawo ta Maris 2017 farashin kilo ya kai wajen dala 600. Manoma suka koma kwana a gona da adda, suna huda alamar sunansu da allura a jikin kowace ɗanyar banila saboda ɓarayi. 'Yan shekaru kaɗan farashin ya rikito ƙasa warwas. Wanda bai san kan wannan kasuwa ba, kada ya zuba jarinsa a ciki. Kanumfari da masoro sun fi ta kwanciyar hankali, kuma ƙasar na sahun gaba a duniya wajen fitar da kanumfari ta tashar Toamasina.

Duk da wannan arziki, ga ma'adinin nikel da kobalt a Ambatovy, ga masaƙu masu ɗinka tufafi don Turai da Amurka, kimanin kashi uku cikin huɗu na mutanen a cikin talauci suke, kuma a 2021 fari ya jefa kudancin ƙasar cikin yunwa mai tsanani.

Siri Lanka shayi ne tambarinta. Wani ɗan Sikotland, James Taylor, ya fara gonarsa a 1867, cutar da ta kashe itatuwan kofi ta buɗe masa fili, Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, sunan da har yau ke kan teburin mai shayi. Kirfa ta asali ma daga nan take. Sai tufafi, da kuɗin 'yan ci-rani daga ƙasashen Larabawa, da baƙi: sama da miliyan biyu a 2024, alhali na Madagaska ba su kai rabin miliyan ba. Ilimi ya wadata, sama da kashi 90 cikin 100 na iya karatu da rubutu. Amma bashi ya durƙusar da ita a 2022, bayan hana shigo da takin zamani a 2021 ya karya noma. Man fetur ya ɓace, jama'a suka mamaye fadar shugaban ƙasa, Gotabaya Rajapaksa ya tsere a watan Yuli. Asusun lamuni na duniya ya ba da tallafin kusan dala biliyan uku a 2023, al'amura suka fara daidaita.

Safaya ce ta ɗaure ƙasashen biyu da igiya ɗaya, kuma ita ce ta shafi mutanenmu masu harkar duwatsu a Jos da tsaunin Mambila. Ilakaka, a kan titin RN7, ƙauye ne na 'yan gidaje kafin a gano dutsen a 1998, cikin 'yan shekaru ya zama gari na dubban mutane. Mahaƙa na shiga rami mai zurfi da igiya, su wanke tsakuwa a rafi da rariya, da yamma su bi layin shagunan masu saye suna miƙa abin da suka samu ta taga. Su wa ke bayan tagar? Galibi 'yan Siri Lanka da Tailan. Dutsen sai ya tafi Ratnapura ko Beruwala a Siri Lanka, a gasa shi a wuta launinsa ya fito, a yanka, a goge, darajarsa ta ninka. A kasuwar China Fort ta Beruwala, wadda Musulmi ke riƙe da ita tun kaka da kakanni, ciniki a tsaye ake yi a bakin titi: a warware 'yar farar takarda, a ɗaga dutsen a hasken rana, a haska shi da tocila, a faɗi kuɗi ƙasa-ƙasa. Madagaska ke da ramin, Siri Lanka ke da sanin. Mai son ya koyi bambanta gasasshe da ɗanye, ya san farashin gaskiya, ya sami wanda zai riƙa sayen kayansa na Mambila, Beruwala zai nufa. Zuwa Ilakaka da jakar kuɗi ba tare da wannan sani ba, hanya ce ta sayen kwalba da kuɗin safaya. Kuma a ƙasashen biyu fitar da dutse sai da takardun hukuma.

Biza, lafiya da tsaro

Madagaska na ba da bizar yawon buɗe ido a filin jirgin Ivato na Antananarivo ga masu fasfo na kusan kowace ƙasa. Jirgi ta Addis Ababa ko Nairobi ake bi. Siri Lanka ta Doha ko Dubai ake zuwa, kuma yawancin baƙi ta intanet suke samun izinin shiga cikin sauƙi, amma shekara da shekaru Najeriya da Ghana da Kamaru na cikin jerin ƙasashen da aka ware, waɗanda sai sun nemi biza tun daga gida, sau da yawa da wanda zai tsaya musu a can. Kada ka yanki tikiti sai biza ta shigo hannu. Katin rigakafin shawara wajibi ne a duka biyun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Siri Lanka ta rabu da zazzaɓin cizon sauro a 2016, sai dai akwai dengi, wani zazzaɓin daban da shi ma sauro ke kawowa, kuma asibitoci na da kyau gwargwado. A Madagaska zazzaɓin na nan a gaɓar teku, asibitin kirki sai babban birni, sannan annobar da ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye na ɓullowa kusan duk shekara. A 2017 ta kama sama da mutum 2,000, ta kashe kimanin 200. Ba a tafiyar dare a kudu da yamma saboda dahalo, ɓarayin shanun da suka rikiɗe 'yan fashi da bindiga. Siyasa ma ba ta zauna ba: zanga-zangar matasa kan rashin ruwa da wuta a Satumban 2025 ta kai ga tserewar shugaban ƙasa Andry Rajoelina, soja suka karɓi mulki, aka rantsar da Kanar Michael Randrianirina a ranar 17 ga Oktoba.

Lokacin zuwa Madagaska daga Mayu ne zuwa Oktoba. Janairu zuwa Maris watannin guguwa ne, a kauce musu. A ɗauki rigar sanyi, domin Antananarivo na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,300, a Yuni da Yuli darenta na da sanyi ƙwarai. Siri Lanka kuwa damina biyu gare ta, kowace da ɓangarenta: kudu da yamma sun fi daɗi daga Disamba zuwa Maris, gabas daga Mayu zuwa Satumba.

To wa zai je ina?

Mai tafiya da mata da yara ko dattijo, mai hutun kwana 10, wanda ba ya son tunanin abin da ke cikin miya, da mai son koyon harkar duwatsu, duk Siri Lanka ce tasu, in dai sun fara neman biza da wuri. Mai mako uku, mai ƙoshin lafiya da haƙurin zaman mota, mai ɗan Faransanci, wanda abin da ya fito da shi daga gida shi ne ganin halittar da babu irinta, Madagaska zai je, kuma da ni ne ke zaɓen tafiya ɗaya tak, can zan nufa. Kada ya ce sai ya zagaye ta duka. Ya ɗauki Andasibe da titin RN7 har Toliara, ko ya ɗauki yamma, Morondava da Kirindy da Tsingy, ya bar ɗayan. Ya kuma ware kwana biyu a Antananarivo kafin ranar komawa gida, saboda mota ko jirgin cikin gida na iya saɓa masa alkawari.